Yadda Za A Dawo Da Ƙudan Zuma Da 'Yan'uwansa Gona: Jagora Ga Manoman Jihar Tawa

Akwai shekarar da kawuna ya dasa albasar iri a garkarsa da ke fadamar garinmu, a ƙasar Madawa. Ya ba ta taki, ya ba ta ruwa a kan kari, ta fid da kara ta yi fure fari fat, har masu wucewa zuwa kasuwa suna tsayawa suna yi masa barka. Da ya ga ƙananan ƙwarin nan masu tsotsar ganyen albasa sun fara yawa, sai ya sayo wani magani a cikin kwalbar da babu ko rubutu a jikinta, ya fesa da hantsi lokacin da furen yake buɗe, ya kuma maimaita bayan 'yan kwanaki. Ranar da aka yanke kawunan aka shanya aka murje, yawancin abin da ya sauka a tabarma ƙaiƙayi ne, baƙin irin kuwa bai taka kara ya karya ba. Ya daɗe yana juya shi a tafin hannunsa kafin ya ce mini: "Ɗana, ban hana ta ruwa ba, ban hana ta taki ba, to me ta nema ta rasa?" A ranar ba ni da amsa. Sai daga baya na gane cewa ƙudan zuma da ƙudajen da ke yawo daga fure zuwa fure ne ta rasa, domin maganin ya kashe wasu ya kori sauran a daidai makonnin da ake bukatarsu.

Mun saba lissafa bukatun gona guda huɗu, wato ruwa, taki, iri mai kyau da hannun da zai yi aiki. Akwai na biyar da ba a sayensa a kasuwa, shi ne barbara, wato ɗaukar garin fure daga sashen namiji zuwa sashen mace, wanda idan bai faru ba fure zai bushe ya faɗi ba tare da ya bar ɗa ba. Wani bincike da aka wallafa a 2007 ya duba manyan amfanin gona 115 da duniya ke ci, ya tarar 87 daga cikinsu suna amfana da barbarar ƙwari da tsuntsaye da jemagu. Waɗannan ma'aikata ba sa zuwa don manomi ya kira su ranar da ya ga dama. Suna zama ne a wurin da suke samun abinci da makwanci wata goma sha biyu, mu kuwa daminarmu wata uku ce zuwa huɗu. Saboda haka duk aikin da za a bayyana a nan manufarsa ɗaya ce: a ciyar da ƙwarin nan a watannin da gona ba ta da fure, domin a same su a kusa ranar da ta yi fure.

Mataki na farko: a san shukar da ke jiran ƙwaro da wadda ba ta jiransa

Hatsi da dawa da masara iska ce ke yi musu barbara. Bununin da ke tashi daga zangarniyar hatsi da safe shi da kansa yake sauka a kan maƙwabciyarta, don haka wanda ya rataye amya a gonar hatsi yana sa ran ƙarin dami zai sami zuma ne kawai. Gyada da wake da shinkafa su ma galibi kowane fure yana wadatar da kansa. Amfanin da waɗannan ke samu daga yawan tsirrai ta wata hanya yake zuwa, za a zo kanta a gaba.

Sai rukuni na biyu, masu iya yin 'ya'ya su kaɗai amma suna ƙara yawa da nauyi idan ƙwari sun ziyarce su: riɗi, auduga, kuɓewa, tattasai da barkono. A nan ne manoma da yawa suke asara ba su sani ba, tunda gonar ta ba da wani abu, ba wanda yake tambayar abin da ta hana. A maƙwabciyarmu Burkina Faso an yi gwajin da aka wallafa a 2017, inda aka rufe wasu furanni don kada ƙwari su taɓa su, sai aka sami giɓin kashi 37 cikin 100 a auduga da kashi 59 cikin 100 a riɗi. Irin da aka samu daga furannin da suka yi wa kansu barbara ma bai tsira da kyau ba da aka shuka shi.

Rukuni na uku su ne waɗanda ba su da makawa: kankana, kabewa, gurji, kokwamba da duma, domin furen namiji daban yake, na mace daban, kuma garinsu yana da nauyi da danƙo, iska ba ta ɗaukarsa. Albasar iri da mangwaro da magarya su ma sun dogara ƙwarai da ƙwari. Duma yana da nasa hali, farin furensa da almuru yake buɗewa, malam-buɗe-littafin dare ne ke hidimarsa, kamar yadda jemage ke hidimar furen kuka. Manomi ya zauna ya rubuta abin da yake shukawa damina da rani, ya sa kowanne a rukuninsa. Wannan takardar ce za ta nuna masa inda ya fi cancanta ya kashe ƙarfinsa.

Mataki na biyu: a gwada a gonar kai, gani ya kori ji

Ban so mutum ya ɗauki maganar nan don wani ya rubuta ta, tunda akwai gwajin da kuɗinsa bai wuce tsohon sange da zare kala uku ba. A ɗauki kabewa ko kankana a matsayin misali. Da yamma a zaga gonar a nemi furannin mace da za su buɗe washegari. Ana gane macen da ɗan ƙullutun da ke ƙarƙashin furen, mai kama da ƙaramar kankana, namiji kuwa siririn tsinke kawai gare shi. A zaɓi talatin. Goma a rufe su da ƙyallen sange a ɗaure bakin da zare yadda ko tururuwa ba za ta shiga ba. Goma a bar su a buɗe, a ɗaura musu zare na wani launi don shaida. Goman ƙarshe kuma a yi musu barbara da hannu da sassafe: a tsinko furen namiji da ya buɗe a ranar, a cire masa ganyen fure, a shafa tsakiyarsa mai rawayan gari a kan tsakiyar macen ta kowane gefe, a hankali, kamar mai sa wa jariri kwalli.

Bayan mako biyu a ƙirga waɗanda suka kama, in sun nuna a auna nauyinsu. Waɗanda aka rufe za su nuna abin da gonar za ta zama idan ƙwari sun ƙare. Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Abin dubawa shi ne bambancin da ke tsakanin na buɗe da na hannu. Idan sun zo daidai, ƙwarin gonar sun wadatar, sai a kula da su kada su ragu. Idan na hannu sun fi yawa ko sun fi girma, to gonar tana fama da ƙarancin barbara, kuma ƙarin buhun taki ba zai toshe wannan ramin ba. Akwai alamar da ido ke gani ko ba gwaji: kankanar da ta fito a karkace, gefe ɗaya ya cika ɗayan ya shanye, ko kokwambar da ta lanƙwashe ta tsuke a baki, sau da yawa garin fure ne bai isa ko'ina ba. Furen kankana na mace rana ɗaya tak yake buɗewa, daga safe zuwa wajen azahar, kuma yana bukatar ƙudan zuma ya sauka a kansa kamar sau takwas kafin ya ba da ɗa cikakke. Ga riɗi da kuɓewa, sai a rufe shuka guda gaba ɗaya tun kafin ta fara fure, a kwatanta ta da maƙwabtanta ranar girbi.

Tare da wannan a yi ƙidaya. Tsakanin ƙarfe 7 da 10 na safe a tsaya wuri ɗaya minti goma, a ƙirga ƙwarin da suka sauka a kan furannin da ke gaban mutum, sau ɗaya a bakin gona kusa da itatuwa, sau ɗaya a tsakiyarta, kwana uku a mako. Kada a tsaya ga adadi, a rubuta iri nawa aka gani. Ƙudan zuman amya kowa ya san shi, amma dangin zuma a duniya sun kai iri dubu 20, kuma yawancinsu ba sa tara zuma ba sa zama cikin taro. Akwai rakuwa da galla, ƙananan nan marasa harbi da ke shiga kogon itace, akwai babban baƙin ƙwaron nan mai ƙugi da ke huda azara, akwai ƙanana masu sheƙi da ke fita daga rami a ƙasa, ga ƙudaje masu zanen rawaya da ke tsayawa cak a iska.

Dalilin ƙirga iri shi ne kowanne da lokacinsa da furen da ya iya. Wani yana fita da sanyin asuba, wani sai rana ta yi zafi, wani yana jure iskar hunturu da ke hana ƙudan zuma tashi. Babban baƙin nan yana girgiza furen tumatir da gauta har garin ya zubo, abin da ƙudan zuman amya bai iya ba. A 2013 masana suka haɗa sakamakon gonaki 600 a sassan duniya daban-daban, suka ga ziyarar ƙwarin daji tana sa fure ya kama ninki biyu na abin da ziyarar ƙudan zuman kiwo ke yi. A 2016 kuma aka duba gonaki 344 a Afirka da Asiya da Kudancin Amurka, aka tarar a gonakin da ba su kai hekta 2 ba, yawan ƙwarin da ke ziyartar fure yana iya rufe kusan kashi 24 cikin 100 na giɓin da ke tsakanin gona mai albarka da marar albarka. Irin waɗannan ƙananan gonaki su ne namu.

Mataki na uku: a rubuta kalandar fure, a cike watannin yunwa da itatuwa

Wannan shi ne ginshiƙin aikin, kuma shi ya fi cin lokaci. A ja layi goma sha biyu a takarda, kowane wata da layinsa, a zauna da dattawan gari da matan da ke zuwa itace, domin su suka fi kowa sanin abin da ke fure a wane lokaci. A damina ba matsala, daji ya cika da furen tafasa da rama da yaɗiya, kalgo da dakwara da bagaruwa suna nasu, magarya tana biyo baya wajen ƙarshen ruwa. Layukan da za su fito fayau su ne na bayan kaka zuwa faɗuwar ruwa, kuma a cikinsu ne taron zuma ke ƙaura ko ya mutu.

Gawo ne babban mai ceto a nan. Halinsa ya saɓa wa na sauran itatuwa: yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya yi wa hatsi inuwa, sai ruwa ya ɗauke ya yi ganye ya yi fure, daidai lokacin da ƙwari suka fara rasa abinci. Saiwarsa tana tara sinadarin da takin zamani na yuriya ke bayarwa, dabbobi suna kwana a inuwarsa da rani suna barin kashi, shi ya sa ko yaro ya san hatsin gindin gawo ya fi na fili tsawo da kauri. Bayan gawo, anza da taramniya suna fure a cikin rani, mangwaro yana yi da sanyi daga Disamba zuwa Fabrairu, dogon yaro yana biyo shi da shigowar zafi, zogale kuwa muddin yana shan ruwa kusan ba ya yanke fure. Ko tumfafiyar da muke rainawa tana ciyar da manyan ƙwari a watannin da babu komai.

Hanyar samun waɗannan itatuwa ba sai an sayi dashe ba. Sassaben zamani, wanda wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya fara yaɗawa tare da manoman Maradi a 1983, ya ginu ne a kan kututturan da ke raye a ƙarƙashin gona suna tohowa duk shekara muna sarewa. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya an farfaɗo da hekta miliyan 5 da itatuwa kimanin miliyan 200 a Nijar. Yadda ake yi shi ne, lokacin sharar gona kafin damina a zaga a zaɓi kututturan da za a bari, kamar 40 a hekta a farkon farawa. A kowanne a bar rassa uku zuwa biyar mafi ƙarfi da miƙewa, a sare sauran da kaifin gatari ko adda, ana saran daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage. A rage ƙananan rassan gefe zuwa rabin tsawon reshen, a ɗaura ƙyalle don mai kiwo da mai neman itace su san da mai shi, a riƙa komawa duk bayan 'yan watanni ana cire sabon toho. Tun 2020 akwai dokar gwamnati da ta amince wa manomi da haƙƙin itatuwan da ya raya da hannunsa, amma gawo yana cikin itatuwan da doka ta kare, don haka a tuntuɓi ma'aikatan gandun daji kafin a sare babba.

Kuskuren da nake yawan gani shi ne mutum ya bar iri ɗaya kawai, gona ta cika da gawo ko da sabara zalla. Wannan ya fi babu, amma iri ɗaya wata biyu ko uku yake ciyarwa. A duba kalandar, a tabbata an bar aƙalla iri biyar ko shida da furensu ke karɓar juna. Inda ƙasa ta zama faƙo ba kututture, tassa da rabin wata, wato ramukan da ake haƙawa don tare ruwan sama, suna yin aikin. Manoman Illela sun ga dabarar tassa a Yatenga ta Burkina Faso a 1989 suka dawo da ita, kuma duk wanda ya zuba takin dabbobi a ramin tassa ya san 'ya'yan itatuwa suna tsirowa daga cikin takin, abin da ya rage shi ne kada hauya ta taɓa su. A gefen da iska ke bugowa kuma a yi shingen itatuwa, kamar layukan dogon yaro da aka fara dasawa a kwarin Majiya ta ƙasar Buza a 1975. Shingen yana hana iska kwashe ƙasa da binne shuka, yana kuma ba ƙananan ƙwari damar tashi a ranakun hunturu.

Nisa ma abin lura ne. Ƙudan zuma yana iya tafiyar kilomita biyu ko uku neman abinci, amma ƙananan 'yan'uwansa mita ɗari kaɗan suke yi. Bincike ya nuna yawan ziyarar fure yana raguwa da rabi idan gona ta yi nisan kimanin mita 600 daga daji. Saboda haka kurmi ɗaya a bayan gari ba zai wadatar da kowa ba, gara itatuwan su warwatsu cikin gonaki da kan iyakoki.

Mataki na huɗu: a haɗa shuka a cikin gonar kanta

Kakanninmu ba su taɓa shuka hatsi shi kaɗai ba, kullum da wake a tsakani, da yakuwa ko riɗi a kan iyaka, da kabewa a gindin tsohuwar suri. Abin da ake bukata shi ne a gyara tsarin, ba a watsar da shi ba. Idan aka cusa wake jefi-jefi a ƙarƙashin dogon hatsi, inuwa tana danne shi. Tsarin layi biyu na hatsi ko dawa da layi huɗu na wake yana ba waken rana, kuma idan shekara ta zagayo aka musanya wurarensu, hatsin zai ci abin da saiwar wake ta bari a ƙasa. Wannan musanyar tana rage ƙudujin hatsi, domin wake yana sa irinsa ya tsira alhali ba zai iya kama saiwarsa ba, sai ya mutu. Layin riɗi da kuɓewa da yakuwa a gefe yana kawo kuɗin cefane, furensu kuma yana riƙe ƙwari a gonar.

Akwai wata riba da masu hatsi za su fi jin daɗinta. Furen da ke ciyar da zuma shi ne ke ciyar da maƙiyan ƙwarin da ke cinye amfani. Murzuna, tsutsar da ke yi wa zangarniyar hatsi zane tana cin ƙwayar, tana da wani ɗan ƙaramin dangin zanzaro da ke harbinta ya yi ƙwai a jikinta, kuma cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN, tana kiwonsa ana sakinsa a ƙauyuka cikin ƙananan buhunan algarara. Shi wannan zanzaron idan ya girma yana shan ruwan fure, feshi kuma yana kashe shi kafin ya kashe tsutsar. Haka ƙudajen nan masu zanen rawaya, uwar tana barbara, tsutsarta tana cin ƙananan ƙwarin da ke manne wa ganyen wake da kabeji.

Mataki na biyar: makwanci da ruwa

Yawancin dangin zuman da ba sa zama cikin taro a ƙasa suke haƙa rami, sauran a busasshen kara da mataccen itace. A ware ɗan zirin ƙasa a kan iyaka, faɗin taki biyu ya isa, wanda garma ba ta shiga, a bar gamba da ciyawa su tsaya a kansa, a bar wani tsohon kututture, kuma kada a sa masa wuta lokacin sharar gona. Da bazara, sa'ad da zafi ke haura digiri 40, a ajiye kasko a inuwa da ruwa da tsakuwa ko 'yan karare a ciki don ƙwari su sami wurin sauka ba su nutse ba, a riƙa canja ruwan duk kwana biyu saboda sauro.

Mataki na shida: a gyara yadda ake feshi

Duk abin da aka gina a shekara uku, feshin safiya ɗaya yana iya rushe shi. Ba na cewa a daina magani, domin na ga abin da tsutsa ke yi wa tumatir da wake. Amma a fara duba gona a tabbata ɓarnar ta kai a yi feshi, ba don maƙwabci ya fesa ba. A yi ƙoƙarin gamawa da ƙwari kafin fure ya buɗe. Idan ya zama dole a cikin fure, a bari sai bayan la'asar sakaliya zuwa magariba lokacin da zuma ya koma gida, a ranar da ba iska, kuma kada a fesa wa ciyawar kan iyaka ko ruwan da ƙwari ke sha. Mai duma shi kuma ya tuna nasa furen da dare yake aiki.

A sayi maganin da kwamitin ƙasashen Sahel mai tantance magungunan ƙwari ya amince da shi, mai rubutu da kwanan wata a jikinsa, a nemi malamin gona ya karanta adadin da za a zuba. Magungunan da ke ɗauke da imidakulofirid da dimetowat da lamda suna da tsananin guba ga zuma. Na farkon ma yana shiga jikin shuka ya fito a cikin ruwan fure, shi ya sa Tarayyar Turai ta hana amfani da shi da wasu 'yan'uwansa biyu a fili tun 2018. Ga ƙananan ƙwari, ruwan 'ya'yan dogon yaro yana aiki: a daka busassun ƙwaya kimanin rabin kilo, a jiƙa a lita 10 na ruwa ya kwana, a tace da ƙyalle, a sa ɗan sabulu, a fesa da yamma. Shi ma kada a watsa shi kai tsaye a kan buɗaɗɗen fure.

Mataki na bakwai: albasar iri da maganar amya

Na ware wa albasa wuri nata domin ita ce dukiyar wannan jiha, sunan Galmi kuma a kanta aka san shi har ƙasashen gaɓar teku. Mai noman albasar ci ba ruwansa da fure, amma irin da ya zuba a bedinsa daga fure ya fito. Kan albasa ɗaya yana ɗauke da ɗaruruwan ƙananan furanni, kowanne yana iya ba da ƙwaya har shida, sai dai sashen namiji yana zubar da garinsa kafin sashen mace na wannan furen ya shirya. Dole wani ya ɗauko gari daga furen da ya buɗe yau ya kai wa wanda ya buɗe kwanakin baya, kuma gona takan yi kusan wata guda tana cikin wannan hali. A wannan watan a ajiye abin feshi, a yi yaƙi da masu tsotsar ganye tun kafin kara ya fito, a kuma kula da ban ruwa, domin shukar da ta ji ƙishi ruwan furenta yana kauri zuma ya guje shi.

Akwai wani abu da ya kamata a faɗa ko da ya yi kamar ya saɓa wa abin da ya gabata. Ƙudan zuma ba ya ƙaunar furen albasa sosai, idan ya sami wanda ya fi masa daɗi a kusa sai ya koma can. Don haka furannin da za su ciyar da ƙwari kafin albasa da bayanta ake so a kusa, ba wata shuka mai yalwar fure da za ta buɗe rana ɗaya da ita a kangon da ke manne da ita ba. A nan ne ƙudaje da ƙananan dangin zuma suke nuna amfaninsu, tunda su ba sa tafiya nesa. Sannan tunda ƙwaro bai san iyakar gona ba, idan maƙwabci yana fid da irin farar albasa kai kana fid da na ja, za su gauraya. Masu irin ƙwarai suna barin tazarar kusan kilomita ɗaya tsakanin iri biyu, abin da ba ya yiwuwa sai masu garake na fadama ɗaya sun zauna sun yarda da iri ɗaya da kuma ranakun da ba mai feshi. Ƙungiyar manoma ko zauren mai gari ne wurin wannan maganar, kuma tun kafin a dasa ake yinta.

Wanda zai kawo amya ya fara da ɗaya ko biyu, ya kawo ta da dare lokacin da kamar kashi ɗaya cikin goma na furen ya buɗe, domin idan ta riga furen zuwa zuman zai saba da wani wurin. A ajiye ta a inuwa, bakinta ba ya kallon iska, nesa da hanya da rijiya da turken dabbobi, saboda zumanmu yana da faɗa. Wajen ɗiba a yi amfani da hayaƙi maimakon harshen wuta, a bar saƙar da ke da 'ya'ya da wani kaso na zuman don taron ya kai damina. Amyar katako mai sanduna a sama tana sauƙaƙa wannan, tunda ana ɗaga saƙa ɗaya-ɗaya a duba a mayar.

Bayan an yanke kawunan albasar an shanya a inuwa an murje, a auna abin da kowane kango ya bayar a rubuta kusa da ƙidayar ƙwarin da aka yi a kansa. Sannan a ƙirga ƙwaya 100 a shimfiɗa a kan jiƙaƙƙen ƙyalle, a naɗe a ajiye a wuri mai sanyi ana yayyafa ruwa, bayan kwana 12 a buɗe a ƙirga waɗanda suka tsira. Sauran irin a zuba shi a busasshen mazubi mai murfi a ɗaki mafi sanyi na gidan, a kuma shuka shi ko a sayar a cikin shekarar, domin irin albasa ba ya jure zafinmu har ya ga shekara ta biyu da ƙarfinsa.